Burkutun Da Mijina Bai Sha Ba

A lokacin da abin nan ya faru ni ce shugabar zumuntar mata a cocinmu da ke Zuru, mace mai ji da kanta, wadda ba ta yarda a ga ko ƙura a bakin zanenta. Maigidana tsohon soja ne. Ya dawo daga bakin daga da ƙafafunsa biyu, amma ƙara kaɗan sai ta birkita shi, ya ɗauka har yanzu yana can. Muna zuwa asibiti a ɓoye, inda wata nas mai kula da masu larurar ƙwaƙwalwa take ba shi magani. Ta rubuta lambarta a bayan katinsa, ta ce in kira ta duk lokacin da ya rikice. Ni kuwa na tura katin ƙarƙashin zannuwa a akwati, don kada a ce matar mahaukaci ce ke jagorantar mata.

Wata ranar Alhamis da la'asar matan zumunta sun cika tsakar gidanmu muna koyon waƙa, shi kuma yana gefe yana wasa adda zai je gona washegari. Sai salansar wani babur ta buga a waje kamar harbi. Kafin in juya ya faɗa bayan rumbu da addar a hannu, yana ihu kowa ya kwanta. Bai taɓa kowa ba, kare mu yake yi. Mata suka watse da kururuwa, maƙwabcinmu ya kira 'yan sanda. Da suka iso, sajan ɗinsu ya tambaye ni a hankali ko maigidan yana da wata larura, ko akwai likitan da ke duba shi. Na waiga na ga matan nan sun dawo, idanunsu duk a kaina. Sai na buɗe bakin nan nawa na ce lafiyarsa ƙalau, burkutu ya sha. A wajenmu mashayi dariya ake masa a wuce, mai taɓin hankali kuwa har jikokinsa sai an nuna da baki. Mutumin da ko warin giya ba ya so, shi na yi wa wannan ƙazafi.

Jin haka suka daina lallami. Su huɗu suka far masa, ɗaya ya sa gindin bindiga ya doki hannun da ke riƙe da addar, na ji ƙashi ya ce ƙas. Har yau in na tuna raina tafasa yake. Ko da mashayin ne, haka ake kama mutum? Suka jefa shi a mota, suka ce zai kwana a wajensu har giyar ta sake shi. Giyar da babu ita ina za ta sake shi? Kwana biyu yana kulle ba magani, yana buga kai da bango, ni kuma ina kai abinci ina ci gaba da riƙe ƙaryata kamar wata dukiya.

A rana ta uku na ga idanunsa ba su gane ni ba, sannan na tono katin na kira nas ɗin. Ta zo ofishin 'yan sandan a kan babur, ta roƙi a buɗe mata, ta zauna a ƙasa nesa da shi tana kiransa da muƙaminsa na soja, tana gaya masa yana gida, an gama yaƙi. Ba a jima ba ya miƙa mata hannu. Da muka fito ta wanke ni tas. Ta ce sajan ɗin nan yana da lambarta, sun sha kiranta kan irin wannan, ta je ta kwantar wa mutum da hankali ba a taɓa shi ba, shi ya sa ma ya yi mini waccan tambayar. Sajan ya ce da na amsa da gaskiya da ba su matsa kusa da rumbun ba. Na ce masa wannan ba zai wanke wanda ya karya hannun ba, kuma har gobe ina kan bakana. Amma ƙofar ni na buɗe musu.

Yanzu yatsun hannunsa na dama ba sa rufuwa, ba ya iya riƙe fartanya. Ciwon da na ɓoye kowa ya sani, an kuma ƙara masa da sunan mashayi. Sau ɗaya ya tambaye ni me ya sa a duk kalmomin duniya na zaɓi burkutu. 'Yan'uwana mata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In naku ya rikice, ku kira mai ba shi magani tun kafin mota ta iso, in ɗan sanda ya tambaya ku faɗi ciwon da sunansa. Ni mutuncina na tsare ran nan, ga shi kullum da safe ni ke ɓalla wa mijina maɓallan riga.