Tambayar Inna Bayan Rasuwar Yayana

Mu Kirista ba mu da yawa a Matameye. Majami'armu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano a bayan gari, kuma ko kowa ya zo ran Lahadi sai ka ga benci ya yi saura. Fasto jefi-jefi yake zuwa daga Damagaram. Sauran lokaci mahaifina ne ke tsayawa gaba, domin shi ne dattijon ikilisiya.

Baba ya shiga addinin nan tun yana saurayi, kuma ya sha wuya a kansa. Danginsa sun daina cin abinci tare da shi, gonar gado ta wuce shi, har mahaifiyarsa ta rasu bai samu shiga ɗakinta ba. Bai taɓa kawo mana wannan a matsayin kuka ba. Abin da yake koya mana a gida shi yake faɗa a majami'a: Allah mai tsarki ne, ba ya wasa da zunubi, ranar shari'a kowa zai tsaya shi kaɗai, uba ba zai tsaya wa ɗa ba, wanda ya tuba tun yana da rai za a gafarta masa saboda Almasihu, wanda kuma ya mutu cikin zunubinsa ƙofa ta rufe masa. Yadda yake faɗa haka yake zaune. Ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ko irin wadda ake yi wa yara don su yi shiru. Maƙwabtanmu Musulmi suna ganin girmansa saboda wannan.

Mu biyu Inna ta haifa suka rayu, ni da yayana. Shi mutum ne mai raha, inda ya zauna sai an yi dariya. Shi ke buga ganga a majami'a tun yana ƙarami. Da ya bar lakwal, wato makaranta, sai wani ɗan kasuwa ya ba shi babur yana kabu-kabu, yana kai mutane ƙauyuka da bakin iyaka. A can ya koyi shan giya. Da fari yana ɓoyewa, yana tauna goro kafin ya shigo gida. Daga baya ya daina wahalar da kansa.

Baba ya yi masa magana a gida, ya sake yi. Ya kira wasu dattawa biyu suka zauna da shi a zaure. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, amma bai bari ba. Wata Lahadi ya zo majami'a warin abin yana tashi a jikinsa, ya zauna a kan ganga, hannunsa yana kuskure kiɗan. Bayan wa'azi Baba ya miƙe ya ce an sa Yaya ƙarƙashin horo: ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasar da masu bi ke rabawa a majami'a, ba zai taɓa ganga ba, sai ran da ya tsaya gaban jama'a ya tuba. Muryar Baba ba ta yi rawa ba. Yaya ya ajiye sandar kiɗan a hankali, ya fita. Bai ƙara taka majami'a ba.

A gida Inna ta ce, "Malam, ɗanka ne fa. A gaban mutane?"

Haka take kiran Baba, kamar yadda kowa yake kiransa.

Ya ce, "Da ɗan wani ne haka zan yi. Idan na rufe ido don nawa ne, me zan ce wa Allah? Horo ba kora ba ce. So nake ya dawo."

Yaya bai bar gida ba. Yana zuwa cin tuwo, yana durƙusawa ya gaida Baba, Baba yana amsawa. Wata rana ya kawo mini atamfa daga hayin iyaka, na ce masa ya je ya nemi gafara a wuce wurin. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, zan je. Bari in bari tukuna. Ba na son in tsaya in yi wa Baba ƙarya a gaban bagade."

Bayan girbi Yaya ya rasu, ranar kasuwa. Ya ɗauko buhun gero daga Dungu, kamyo, babbar motar kaya, ya haɗu da shi a kwana. Da la'asar jandarma suka zo da labari, ina tankaɗe a tsakar gida. Wasu sun ce a buge yake, wasu sun ce birkin motar ne. Ba mu taɓa sanin gaskiyar ba.

Na ga Baba ya binne mutane da yawa. Kullum a bakin kabari yakan ce ɗan'uwanmu ya tafi gida, za mu sake ganinsa. A bakin kabarin Yaya kuwa sai ya ce, "Allah mai shari'ar gaskiya ne, ba ya zalunci. Mu da muke da sauran numfashi, mu tuba." Ya yi addu'a domin masu rai, aka mayar da ƙasa. Kowa ya ji abin da bai faɗa ba.

Da muka koma gida, Inna ta same shi a zaure, ba ta damu da masu gaisuwa da ke zaune ba.

"Malam, ina ɗana yake?"

"Yana hannun Allah."

"Kowa yana hannun Allah. Ina yake? Ran da aka binne makanikin nan ka faɗa wa matarsa mijinta ya tafi gida. Ni ma ka faɗa mini."

Baba ya ce, "Ba zan faɗi abin da ban sani ba."

Daga ranar tambayar nan ta zauna a gidanmu. Inna takan yi ta idan ta kawo masa fura, takan yi ta idan ya dawo daga gona. Ba faɗa take yi ba, a hankali take tambaya. Amsarsa ba ta taɓa sakewa ba.

Matan unguwa sun yi ta shigowa gaisuwa, suna cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya yafe masa kurakuransa. A koyarwarmu ba a yi wa mamaci addu'a, domin an riga an rufe maganarsa. Amma Inna takan amsa da amin mai ƙarfi, har ta riƙe hannun mai faɗa. Daga baya ta fara toya masar sadaka da safiyar Juma'a tana raba wa yaran unguwa. Ta ce mini kada in gaya wa Baba. Shi kuwa yana jin ƙanshin man, yana ganin yara suna fitowa da masa a hannu. Wata safiya ya tsaya a kanta tana toyawa.

"Kin san wannan ba zai kai masa ba."

"Na sani," in ji ta, ba ta ɗago ba. "To me zai kai masa? Ka gaya mini in yi."

Baba ya ɗauki fartanya ya fita. Bai ƙara yi mata maganar ba, ita ma ba ta bari ba.

Da fasto ya zo daga Damagaram ya zauna da ita. Mutum ne mai taushi. Ya tuna mata da ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangiji, wanda ya tuba a numfashinsa na ƙarshe aka karɓe shi. Ya ce ba wanda ya san abin da ya wuce tsakanin Yaya da Allah a kan hanyar nan. Na ga fuskar Inna ta washe, karo na farko tun rasuwar. Ta tambaya ko akwai wanda yake wurin. Aka ce wani manomi ne ya fara isa, shi ya riƙe kansa har ya cika.

Ta ce sai ta gan shi. Muka shiga mota ni da ita zuwa Dungu, muka yi ta tambaya har aka nuna mana gidansa. Dattijo ne, mun tarar yana gyaran rumbu. Ya shimfiɗa mana tabarma, matarsa ta kawo ruwa. Da ya ji ko su wa ne mu sai ya cire hularsa ya yi mana gaisuwa.

Inna ta ce, "Baba, ya yi magana?"

"Ya yi, kaɗan."

"Ya kira Allah? Ya ce a gafarta masa?"

Mutumin ya dube ni, ya dube ta. Ina tsammanin ya gane abin da take so, kuma da ya faɗa ba mai ƙaryata shi. Amma shi ma mai tsoron Allah ne.

Ya ce, "Baiwar Allah, abin da na ji shi zan faɗa. Ya ce babur ɗin ba nasa ba ne, a ba mai shi haƙuri. Ya nemi ruwa. Na aika a ɗebo, kafin a kawo ya cika. Abin da ke zuciyarsa kuwa Allah ne ya sani."

Inna ta gode masa. Muka shiga mota muka iso tasha. Tana saukowa ta ce mini, "Mai babur ɗin ne ya faɗo masa a rai." Ban san ko yabo take yi ba ko kuka.

Bayan wannan ta daina tambayar Baba. Ta ci gaba da zuwa majami'a amma ba ta waƙa. Ta rame, ta daina fita unguwa. Baba kuwa wa'azinsa ya gajarce. Idan karatun ranar ya zo kan shari'a yakan karanta ya rufe Littafin, ya ce a yi addu'a. Bayan 'yan shekaru ya roƙi ikilisiya ta zaɓi wani dattijo, ya ce idonsa ya yi rauni. Da gaske idon ya yi rauni, shi ya sa ya iya faɗa.

Inna ta riga shi tafiya. Bayan an watse daga zaman makoki na zauna da shi a zaure, ina da aure a lokacin, da goyo a bayana. Na tambaye shi ko ya taɓa yin da-na-sanin horon nan.

Ya ce, "Idan abin da na koyar gaskiya ne, ina tsoron ɗana ya hallaka, uwarsa kuma ba za ta same shi inda ta tafi ba. Idan ba gaskiya ba ne, to na bar uwata ta mutu tana fushi da ni a banza, na kunyata ɗana a banza. Kowace safiya ina juya su biyun. Ban sami inda zan tsaya ba."

Na ce, "Baba, ai Allah mai jinƙai ne."

"Haka ne," in ji shi. "Na faɗa wa mutane da yawa."

Yana nan da rai, ba ya gani sosai. Ran Lahadi mijina ke kama hannunsa zuwa majami'a. Ni ce yanzu nake koya wa yara darasin Lahadi, kuma abin da aka koya mini shi nake koya musu, domin ban san wani ba. Darasin ranar shari'a idan ya zagayo nakan karanta shi da sauri, in sa su waƙa. Ina barin masu tambaya su ɗaga hannu har su gaji su sauke.