Ranar da Baba Idi ya busar mini da takalma

Ina ajiye takalmana a bakin wuta ke nan, sai na ga hannu ya janye su.

Farauta muka fita dajin Tajaye, mu shida. Da safe na zurma cikin korama, takalmana na fata suka sha ruwa. Wanda ya janye su kuwa Baba Idi ne, ƙanen marigayi mahaifina. Shekara biyu ko gaisuwa ba ta haɗa mu, saboda rigimar iyakar gona.

Bai dube ni ba. Ya tono yashi mai ɗumi daga ƙarƙashin toka, ya cika takalman da shi, ya jingine su a inuwar kalgo.

Na ce, "Baba, ai wuta ta fi sauri."

Ya ce, "Wuta gasa fata take yi, ta tsage. Haka ubanka ya ƙone nashi a dajin nan. Ni na cire nawa na ba shi, na taka ƙaya har gida."



Da azahar takalman sun bushe sarai. Na karɓi jakarsa na rataya, muka jera har gari. Jiya ma a gidansa na ci tuwo.

Ku fa, wane ɗan ƙaramin abu ne ya taɓa gyara muku zumunci?