Santsin Laftof ɗin Baba Sahabi

Ban taɓa mantawa da Talatar da aka yi wa ma'aikatanmu na Kebbe jarrabawar kwamfuta ba, kuma ba na jin zan manta. Na san kuna yi mini dariya a bayan ido idan na hana ku taɓa laftof ɗin wani sai da izininsa, kuna cewa Malam Nasiru ya cika ƙa'ida. To ku gyara zama yau ku ji inda abin ya samo asali.

Shekarar da hedikwata a Sakkwato ta fara raba wa ofisoshin yanki laftof ce. Lokacin ina ofishin Tambuwal, ƙaramin ma'aikaci a mataki na shida, ni kaɗai ne na yi kwas ɗin kwamfuta. Tare da na'urorin aka aiko da umarni: duk taifis, wato mai buga takardun ofis, sai ya zauna jarrabawa. Wanda ya ci ya ci gaba da zama a teburinsa, wanda ya faɗi a mayar da shi ɗakin fayil ya riƙa ɗauko takardu yana kai wa manya. Sai aka ce in je Kebbe in koya musu. Damina ce, hanyar kuwa kun san ta, kullum wandona da taɓo nake sauka daga babur.

Shugaban masu buga takardu a can shi ne Baba Sahabi, mutumin Fakku, cif taifis. Tun zamanin da kuɗin mai ya shigo ya kama aiki, lokacin da ake sauke tafireta sababbi fil cikin akwatuna. Ya sha ba mu labarin yadda aka koya musu: a rufe maka hannu da ƙyalle, ido yana kan takardar da kake kwafa, in ka saci kallon injin ka ji rula a ƙeya. Abin da ya rage masa ya yi ritaya bai fi shekara biyu ba. Kowa a ofishin Baba yake ce masa, har shugaban ofis.

Ranar farko na nuna musu ɗan filin nan da ke ƙasan maɓallai, wanda ake shafawa da yatsa kibiya ta yi tafiya a fuskar na'urar. Baba ya leƙa shi ya ce, "Malam Nasiru, wanga wuri mi as sunanai?" Na faɗa masa na Turanci. Ya girgiza kai ya ce, "Ni dai santsi nika ce mai." Aka yi dariya, sunan kuwa ya bi shi, har yau a Kebbe santsi ake cewa.

Sai dai na lura kowa ya shafa, ban da shi. Hannunsa na dama yana aljihun riga, in na matso ya ce yana kallo tukuna. Ni kuma a lokacin ina da zafin kai, na ce a raina taurin kan tsofaffi ne, sai na ƙyale shi. Daga baya na fara haɗa wasu abubuwa. Ba ya shan shayi a ofis duk da shi ke sayen sukari. Rajistar zuwa aiki kuma yakan sa mata hannu tun kafin kowa ya iso.

Wata rana da aka fita sallar azahar ya ce in ɗan tsaya. Ya tura ƙofa, ya zaro hannun daga aljihu ya ɗaga shi a gabana. Rawa yake yi, rawa sosai, tun daga wuyan hannu har kan yatsu. Ya ɗora yatsa a kan santsin, kibiya ta kama tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ce, "Ka gani ko? Ko uwar ɗiyana ba ta san ya kai haka ba." Na ce, "Baba, ai sai mu gaya wa shugaban ofis, a nema maka sassauci." Ya ce, "A'a. In maganar ga ta hau sama, gaban likitoci za a kai ni."

Ga wanda bai sani ba, idan aka ce ma'aikaci ba shi da lafiyar yin aikinsa, akan tura shi gaban kwamitin likitoci. In sun tabbatar, a sallame shi kafin lokacinsa, a rubuta a fayil ɗinsa cewa ya gaza. Wannan kalmar ce Baba ba ya so. Ya ce, "Da sunan taifis na shigo aikin ga, da shi nika son in hita. Ka ruhe man asiri, Allah shi ruhe naka." Wallahi na ji kunyar zargin da na yi ta yi masa, na yi masa alkawarin ba wanda zai ji.

Na ce ya buga mini wani abu in gani. Sai ya kwantar da tafukansa a kan na'urar, ya danne su, yatsu suka hau layin tsakiya. Ikon Allah, muddin hannun yana da abin dogara, rawar sai ta lafa. Ya buga layi bayan layi babu tangarɗa. Matsala ɗaya ce: da yake ya danne hannun, gindin babban yatsansa yana goga santsin, sandar rubutun nan mai ƙyaftawa sai ta yi tsalle ta faɗa tsakiyar wani layi, sabon rubutu ya shige cikin tsoho. Na ce, "Baba, indai wannan ce, an gama." Na nuna masa maɓalli biyu, Fn da wani a layin sama, in ka danna su tare santsin ya mutu murus. Ya shafa, kibiya ko motsi. Ya dube ni ya ce, "Ashe ana kulle shi."

Daga ranar muka shiga wani karatu na daban, ni da shi, bayan an tashi. Na koya masa yin komai da maɓalli kaɗai. Shi kuma ya raɗa wa kowanne suna. Ctrl da S ya ce ajiya. Alt da Tab, da ke kai ka daga wannan shafi zuwa wancan, ya ce leƙa maƙwabta. Wanda ya fi ba shi mamaki shi ne Ctrl da Z, mai dawo da abin da ka ɓata. Ya goge layi ya dawo da shi, ya sake gogewa ya sake dawowa da shi, yana ta dariya. Ya ce, "Wanga sunanai tuba. Mu can ga tafireta in ka yi kure sai ka yage takarda ka sake. Ashe injin ga ya san tuba." Kafin ƙarshen kwas ɗin yana buɗe shafi, ya buga, ya ajiye, ya tura wa firinta, bai taɓa santsi ko sau ɗaya ba. Jarrabawar kuwa iyakarta ke nan: a ba ka takarda ka kwafe cikin lokacin da aka ɗiba, ka ajiye, ka fitar. Hankalina kwance yake.

Ranar Talatar, wanda hedikwata ta turo shi ne wani mataimakin darakta, Yallaɓai Mukhtar. Ina so ku riƙe wannan: mutumin kirki ne. Da ya shigo sai da ya rusuna ya gaida Baba. Ƙa'ida ita ce wanda ya koyar ba ya zama cikin ɗakin jarrabawa, don haka ina bakin ƙofa lokacin da ya fara zagayawa yana duba na'urori, kada a cuci wani da mai matsala. Kowace ya je sai ya shafa santsinta da yatsa. Ya zo kan ta Baba ya shafa, shiru. Ya sake shafawa. Ya ce, "Subhanallahi, Baba, lalatacciya aka ba ka? Ai ba za a yi haka ina nan ba." Ya buɗe jakarsa ya ciro tasa, sabuwa dal, ya ɗauke ta Baba ya ajiye masa ita.

Na taka zan shiga. Na ce, "Ranka shi daɗe, wannan ɗin ba..." Baba ya ɗago ya dube ni. Na gane kallon. In na ce kulle ta aka yi, tambaya ta gaba ita ce don me, daga nan sai a ce to Baba ja kibiyar mu gani, ya ɗaga hannun nan a gaban yaran da shi ya koya wa aiki. Ya ce, "Malam Nasiru, Yallaɓai ya yi man alheri. Bari." Ya juya ya ce, "Na gode, ranka shi daɗe." Aka rufe ƙofa, na koma jikin taga.

Daga nan ina hangen fuskar na'urarsa. Na ga ya lallaɓa ya danna maɓallan nan biyu nasa, kamar yadda ya saba. To namu na ofis duk iri ɗaya aka kawo, ta Yallaɓai kuwa wani kamfani ne daban, kulle santsinta a wani maɓalli yake. Abin da Baba ya danna sauti kawai ya kashe. Shi bai sani ba. Aka ce a fara, ya yi bisimilla, ya kwantar da hannu, ya mayar da ido kan takarda.

Da a ce ɗaya daga cikinku ne, da layi ɗaya zai buga ya gani, don ku ido a kan gilashi kuke rubutu. Baba kuwa an hore shi tun yana saurayi kada ya kalli inji, kuma bai kalla ba. Ina tsaye ina ganin sandar tana tsalle, kalma tana shiga cikin kalma, ƙarshen takarda yana faɗawa cikin farkonta. A wani wuri ma rabin sakin layi ya yi shuɗi ya ɓace, ya ci gaba da bugawa a kansa. Yatsunsa suna tafiya tsaf, fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi. Na yi tari, na sake yi da ƙarfi. Masinja ya zo ya ce Yallaɓai ya ce in matsa daga taga. Ban taɓa jin baƙin ciki a wurin aiki irin na wannan lokaci ba.

Ban yi nisa ba, ina iya hango shi. Da ya kai ƙarshe ya danna ajiya, sannan ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallo. Sai na ga ya kai hannun hagu ya danna tuba. Ya sake dannawa, ya sake. Amma na'urar ba ta san ta raba kalmomin da suka cakuɗe ba, baya kawai take ja tana cinye abin da ya buga. Yana cikin haka aka ce lokaci ya yi. Ya sauke hannun, ya mayar da na dama aljihu.

Da suka fito, Yallaɓai Mukhtar ya ja ni gefe, ransa a ɓace da tausayi. Ya ce, "Malam, tsohon nan kwamfuta ta fi ƙarfinsa. Na so in taimake shi, amma ka ga abin da ya fitar." Na ce haka ne, ranka shi daɗe. Na bi Baba har inda ya ajiye babur, na roƙe shi ya bar ni in yi bayani a sake masa. Ya ce, "Ka yi alkawari." Na ce, "Baba, ɗakin fayil fa za su kai ka." Ya ce, "Gara a ce ban iya ba da a ce na gaza." Ya tada babur ya tafi.

Sakamako ya fito, aka mayar da shi ɗakin fayil. Can kuwa aikin duk na ɗagawa ne, ka riƙo fayil a hannu ka ratsa baranda ka miƙa wa babba. Abin da ya ɓoye shekara guda sai ga shi takardu suna karkarwa a idon kowa. Bai yi wata biyu ba ya rubuta takardar ajiye aiki da kansa, kafin wani ya ce a kai shi gaban likitoci.

Da kaka na je gaishe shi a Fakku. Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame, ana ta shigo da damman gero ana wucewa da su ciki. Muna gaisawa na ga hannayensa a kan gwiwa, yatsun suna motsi. Na kawar da kai don kada ya ji nauyi. Ya yi dariya ya ce, "Kalli abinka, wagga ba rawa ta ba. Aiki nika yi." Na duba da kyau, sai na ga bugu yake yi, kowane yatsa a gidansa. Ya ce, "Takardar jarrabawar ranan ta. Ta zamna man ga kai. Kullum bayan la'asar sai na buga ta, har yau ban yi kure ko guda ba." Na bi yatsun da ido har ya kai ƙarshe. Ya lanƙwasa ƙaramin yatsan hagu, ya danna da na kusa da shi, ya ce, "Na aje." Daminar da ta biyo baya ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da yana raye da ba ku ji wannan labari daga bakina ba.

Shi ya sa duk ajin da na ɗauka, darasin farko shi ne yadda ake kulle santsi a kowace irin laftof, ba tamu kaɗai ba. Shi ya sa kuma nake hana ku taɓa ta wani sai da izininsa. A aikin nan za ku riƙa tarar da mutum ya kashe wani abu a na'urarsa, ko ya ƙara girman rubutu, ko ya karkata ta wani gefe. Kada ku yi saurin gyara masa, ko da niyyar alheri. Sau da yawa lalurarsa ce ya lulluɓe a wurin. Ku bari sai kun keɓe da shi, sannan ku tambaya.

Bayan shekaru aiki ya sake kai ni Kebbe, na shiga sito neman waya. A can ƙasan wata kanta na ga laftof ɗin Baba, an manna mata takarda an rubuta ta lalace. Na sa mata caji ta kawo. Na danna maɓallan nan biyu, na shafa, kibiya ta tafi sumul. Lafiyarta ƙalau. Na sake kulle santsin yadda ya bar shi, na mayar da ita inda na ɗauko.