Gayyar Baba Tanko

Duk wanda ya san Baba Tanko ya san yadda yake hukunta rediyonsa. Da zarar soja ya fara jawabi, sai ya kashe ta, ya jefa ta cikin rumbu, ya ce, "Kwana uku! Ba beli." Matarsa Inna Delu ta ce, "Malam, me rediyo ta yi maka?" Ya ce, "Ita ta shigo min da shi gida ba sallama."

Da aka rataya hoton shugaban soja a zauren dagaci kuwa, sai ya cire hularsa ya rufe hoton kafin ya durƙusa. Dagaci ya ce, "Tanko, lafiya?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, kai na zo gaisarwa. Kada ya ɗauka har da shi."

Shekarar da ɗalibai suka fito zanga-zanga a birni, 'yan kasuwa suka mara musu baya, soja suka shiga farautarsu. Ɗalibai huɗu suka gudo ƙauyenmu, har da Sani jikan Baba Tanko. Kuna zaton ɗaki ya kulle su? Gayya ya kira! Ya ba su tsummokara da fartanya, ya cusa su cikin manoma a gonar dawarsa, makaɗi yana ta kiɗa.

Ni Audu, ni ne mai unguwa a lokacin, kuma ni na rako sojojin har bakin gona. Saje ya daka tsawa, "Ina ɗaliban?" Baba ya miƙa masa fartanya. "A gayya ba a amsa wa baƙo sai ya taɓa noma. Bismillah!" Duk gona aka sunkuyar da kai, aka ci gaba da noma. Saje ya juyo gare ni. Jama'a, ba zan ɓoye ba: tsoro ya ci ni, na ɗaga hannu na nuna Sani.

Da suka jefa Sani a motarsu, Baba ma ya haye ya zauna daram. "Tsoho, sauka!" Ya ce, "Ni na koya masa taurin kai, ku fara da malaminsa!" Sai da mutum uku suka sauke shi. Wata biyar Sani ya yi a tsare, ya dawo yana ɗingishi, har yau.

Baba bai taɓa zagina ba. Amma duk baƙon da ya tambaye shi hanya, sai ya ce, "Je wurin Audu, shi ne gwanin nuni."

Ranar da jikinsa ya yi tsanani na je, na durƙusa a gabansa. Ya buɗe ido ɗaya. "Audu, kai ka nuna wa mutuwa gidan?" Na fashe da kuka. Ya ce, "Kai, rufe mana baki! Sani ya yafe tuntuni. Miƙo min ruwa."

Na ba shi, ya sha daga hannun nan nawa.

Allah Ya jiƙan Baba Tanko, Ya haskaka makwancinsa. Ni kuma Ya yafe min, Ya sa in ya sake faruwa hannuna ya tsaya a kan fartanya.