Hoton Mazari a Ƙofar Jami'a

Ƙanwata ba ta iya zama ba. Tun tana rarrafe Inna ta sa mata suna Mazari, don in ka ajiye ta nan, kafin ka waiga tana can. Har yau da ta doshi talatin, in tana jiran abu ƙafarta ce ke fara tona ta. Kaɗa ta take yi har teburin guga ya ɗauki rawa.

Ni tela ce. Shagona ɗaki ɗaya ne, keke biyu, tebur, sai labulen da mata ke shiga bayansa su gwada kaya. Shekara uku Mazari ta yi tana zuwa kullum tana yi mini guga da ɗinkin maɓalli, ita da ta yi digiri a kan gwajin jini. In na ce abin ba ya cina na yi ƙarya.

Ni a sakandare na tsaya, ban kuma yi kuka ba, don an ce ita za ta wuce mana. Babanmu ya rasu tana ƙarama, Yaya ne ya ɗauki nauyin karatunta daga shagonsa na tayoyi, wannan kam ba zan danne masa ba. Ita ma ba wasa ta je yi ba. A tsaye take karatu, tana zagaya tsakar gida da littafi tana haddar sunayen ƙwayoyin cuta, Inna na cewa ta zauna kafin ta haƙa mana rami.

Abin da aka koya musu shi ne su ɗiga jini a gilashi, su leƙa ta madubin ƙara girma, su ƙirga da ido. Akwai injin da ke yin wannan aikin a sashensu, guda ɗaya, amma a lulluɓe yake da leda. An ce babu ruwan maganin da yake sha. Malami yakan ɗaga ledar ya nuna musu, ya ce wannan ne maɓallin kunnawa, ya mayar ya rufe. Haka suka gama.

Da ta fito ta shiga neman aiki, babu asibitin da takalminta bai taka ba. Ko'ina tambayar ɗaya ce: kin taɓa aiki da injin? Mazari ba ta iya ƙarya ba, sai ta ce ta dai gan shi. Wani ma dariya ya yi mata, ya ce shi ma ya ga jirgin sama. Ranar ta dawo shago ta goge mini kayan da ma a goge suke.

Muna nan a haka, wata rana wata mai kawo mini ɗinki ta shigo da murna.

"Tela, ashe haka kike da ƙumshe magana? Ƙanwarki ta samu aiki a babban asibiti, ko ki ce mu zo barka!"

Mazari na tsaye a bayanta da dutsen guga a hannu, tana goge rigar matar.

Na ce, "Wace ƙanwar tawa? Ita ke nan gare ni, ga ta nan tana gasa hannu."

Matar ta juya, ta dube ta, ta dubi dutsen gugar. Ta rantse ta ga hotonta a ƙofar jami'a.

Muka rufe shago muka tafi. Ga shi kuwa, allo ya fi ƙofar shagona tsawo, Mazari a jiki da rigar yaye ɗalibai tana murmushi, an rubuta a ƙasa wai ɗaliban sashen nan kusan duka suna aiki, wannan ma tana babban asibiti. Ni na buɗe baki zan tara jama'a, ita ta ja mayafina. Ta ce, "Anti, mu tafi, kar wani ya gane ni." Kamar ita ce ta yi laifin.

Da abin ya tsaya a allo da na haƙura, wataƙila. Sai wata ƙawarta ta aiko mata da labari: jami'ar ta haɗa kai da wani asibiti, za a ɗauki tsofaffin ɗalibai da ba su samu aiki ba a koya musu injin nan na wata shida, hannu da hannu. Gurbin kaɗan ne, ƙarshen mako za a rufe. Abin da Mazari ta yi shekara uku tana nema ke nan. Ba ta ƙarasa karanta saƙon ba ta fara neman takalminta.

Ofishin bin sawun tsofaffin ɗalibai ɗan ɗaki ne a ƙarshen wata doguwar baranda, fanka na juyi da ƙyar, wata mata sa'ata zaune gaban kwamfuta da waya biyu. Ta buga sunan Mazari, ta ɗago.

"Ai ke kina aiki. Wannan na marasa aiki ne."

"Wallahi ba na yi."

"An kira ki bara, an ce kina babban asibiti."

Na ce, "Wa aka kira? Ga ta nan, ba kurma ba ce, da an kira ta da ta sani."

Matar ta karanto lambar. Tun ba ta kai ƙarshe ba muka dubi juna. Ta Yaya ce. Lokacin da Mazari ta shiga jami'a ba ta da waya, aka sa ta waliyyinta.

Na san Yaya kamar tafin hannuna. Ba ya amsa waya sai ya buɗe sifika, ya ɗora ta a gwiwa, kowa a bencin ƙofar shagonsa ya ji da wa yake magana. To a kira shi daga jami'a, gaban Mai Batir da Dogo mai faci da sauran 'yan zaman benci, a ce ƙanwarka da ka yi shekaru kana cika baki da ita tana aiki kuwa? Me kuke tsammani zai ce?

Matar ofis ta sauke murya. Ta ce, "Hajiya, ba ku kaɗai ba ne. In dai uba ko wa ya ɗauka, sai ya ce ana aiki, an gode Allah. Wani ina jin muryar ɗan a bayansa yana tambayar me aka dafa. Na gaya wa oga, ya ce in rubuta abin da aka faɗa mini."

"Shi ya sa injin yake cikin leda har yau," in ji Mazari a hankali. "Tunda kowa na aiki, me za a gyara?"

"Bana ma an ƙara ɗalibai a sashen," in ji matar.

Na ce ta goge ta rubuta gaskiya, ga mai abin a gabanta. Ta ce ba ta da iko. Masu aiki ma suna zuwa su ce ba su da shi don su samu gurbi, saboda haka doka ita ce lambar da ta ba da amsa ita za ta canza ta. Za ta sake kira, Yaya ya faɗa da bakinsa.

Muka same shi a gida wajen Inna. Ban yi masa kwana-kwana ba, ni ban iya ba. Ya saurara yana wasa da makullin mota, sannan ya ce, "Rufa mata asiri na yi. So kike in ce wa duniya ƙanwata da digirinta tana goge zannuwan mata?"

"Zannuwan matan ne ke ba ta sabulu. Asirin wa ka rufa, nata ko naka?"

"Ke dai bakinki ba shi da birki tun kina yarinya."

"Naka da ke da birki ga inda ya ajiye mu."

Inna ta ce in ji tsoron Allah, yayana ne, a bi shi a hankali. Ya tashi ya ce zai duba. Na san wannan dubawar. Matar ofis ta kira shi washegari, ta kira jibi, wayar ta yi ta ruri ba a ɗauka ba.

Kwanakin nan Mazari ba ta ci ba, ba ta zauna ba. Ta ɗinka wa wata riga maɓalli a baibai, ta farke, ta sake. Ta share shagon har siminti ya fara ƙyalli. Ta tsaya a ƙofa, ta dawo, ta duba waya, ta ajiye. Na ce ta bar ni in je in ƙwace wayar in yi muryar maza. Ba ta yi dariya ba.

Ranar da za a rufe, da tsakar rana, ta kashe dutsen guga ta ce, "Anti, raka ni." Ta riga ta roƙi matar ofis ta kira da azahar.

Shagon Yaya a bakin titi yake, tayoyi jibge har rufi, warin roba, benci cike. Muna isa Dogo mai faci ya washe baki. "A'a, Likita da kanta! Yau an ba ku hutu ke nan? Ki zo ki auna mini jinin nan, matata ta ce ya ƙare."

Suka kwashe da dariya. Yaya bai yi ba. Wayar na kan gwiwarsa, ta fara ruri. Ya dubi lambar, ya dube mu, ya kife ta.

Ni na ja numfashi zan fara, Mazari ta riga ni. Yarinyar da ko ciniki ba ta iya yi da ƙarfi. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mana, sannan ta miƙe, ƙafar nan na rawa har ana gani ta cikin zane.

"Baba Dogo, ni ba na aiki a asibiti. Ban taɓa yi ba. Tun da na gama ina shagon Anti ina guga. Yaya ya faɗa ne don kar in ji kunya." Ta juya gare shi. "Yaya, yanzu sun ji. Babu sauran abin ɓoyewa. Don Allah in ta sake kira ka ɗauka."

Yaya ya kafa wa ƙasa ido. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai kore mu.

Sai Mai Batir ya yi gyaran murya, ya sosa ƙeya. "To ai ni ma da suka kira ni a kan babban ɗana, kamfani na ce musu."

"Wane kamfani?" in ji Dogo. "Wanda kullum nake gani yana wanke maka batir?"

"To ba kamfanina ba ne?"

Dariya ta ɓarke, har da masu tari. Cikin dariyar wayar ta sake ruri. Yaya ya ɗauka. Tun da na san shi da waya ban taɓa ganin ya kara ta a kunne ba sai ranar. Ya tashi ya shige bayan tayoyi, ya ba mu baya. Abin da na jiyo kaɗan ne.

"E, ni ne. A'a. Ba ta yi. Kuskure ne daga wajena."

Ya fito bai dubi kowa ba, ya hau daka wa yaran shago tsawa a kan wata taya da ba ta yi masa komai ba.

An ɗauki Mazari. Ranar farko ta dawo tana ba ni labarin injin kamar wadda ta ga jariri: yadda yake zuƙar jinin, yadda yake tofo takarda, yadda ta danna maɓallin da aka yi shekaru ana nuna mata daga nesa. A tsaye ta ba ni labarin, tana zagaya keke.

Yaya yana amsa gaisuwarta. Tawa ce yake amsawa da hanci, wai ni na zuga ta. Bai dame ni ba, zai huce.

Allon ne ya dame ni. Na koma da kaina na ce a sauke shi, aka ce an riga an buga na shekara, sai baɗi. Na ce to ku rubuta gaskiya a ƙasa da alli. Mai gadi ya raka ni waje. Yana nan har yau, rana ta fara cin fuskar, 'yan mata sababbin shiga suna tsayawa ƙarƙashinsa suna ɗaukar hoto, iyayensu na nuna musu Mazari da yatsa.

Ita kuwa motar da take shiga zuwa asibitin ta ƙofar jami'ar take bi. Ta ce in sun zo wajen sai ta sunkuyar da kai. Saura wata biyu su gama, babu wanda ya yi musu alkawarin aiki, ƙafar kuma ta dawo da kaɗawa. Jiya ta biyo ta shago da yamma, ta tarar da kaya sun taru, ta miƙa hannu za ta jona dutsen guga. Na buge hannun. Na ce ta zauna. Ta zauna a bakin tebur, kafin in zare zare daga allura ta miƙe.