Kunun Tsoho

A ƙasan akwatin Inna na same shi, naɗe cikin wani tsohon kallabi, tsakanin robar daddawa da ƙullin kuka. Maburgi ne, siririn icce mai yatsu huɗu a ƙarshensa, ya yi baƙi ya yi santsi don shan hannu. Ban san lokacin da na sa shi tsakanin tafukana na murza ba. Babu ƙwarya, babu madara, iska kawai nake burgawa a tsakiyar ɗakin da na gyara mata a gidanmu na unguwar International City a Dubai, amma sai na ji kunnena ya cika da ƙarar da na yi shekara talatin da wani abu ban ji ba.

Inna ta zo Dubai ne neman maganin ciwon maƙogwaro, watanni biyu kafin Babbar Sallah. Na ce mata, "Inna, wannan kuma fa? Ai muna da na'urar markaɗe." Ta dube ni ta ce, "Ajiye min shi. Na tsohuwa ne." Tsohuwa ita ce kakata, mahaifiyar babana. Har yau Inna ba ta kama sunan surukarta, ko da yake ƙasa ta daɗe da rufe ta.

Bari in mayar da kai gidan da na tashi, a wani ƙauye gabas da Kano. A ƙuruciyata Babbar Sallah da damina take zuwa, kuma ni a zatona haka Allah ya tsara ta har abada. Sallah a wurina ita ce ƙasa mai laima a filin idi, da gero ya kai gwiwa, da raguna a ɗaure ƙarƙashin rumfa suna kaɗa kunne saboda yayyafi. Lokacin ne shanu suke ƙoshi, matan Fulani su shigo da madara tun da ɗuminta. Lokacin ne kuma zabi suke ƙwai. Idan ba ka sani ba, zabuwa ba kamar kaza take ba. Ba ta saka ƙwai sai ruwa ya sauka, kuma ba a gida take sakawa ba, sai ta ɓuya cikin ciyawa. Kaka ta san maɓoyar kowace zabuwa tata, ta fi su kansu sani.

Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, ba shi da haƙori ko ɗaya tun da na buɗe ido na gan shi. Ranar layya gida kan cika da ƙamshin hanta da gashi da suya, kowa baki ya yi maiƙo. Shi kuwa da ya yi kiwon ragon, ya kuma yanka da hannunsa, sai ya koma zaure da ɗan yankin hanta yana tsotsa. Bai taɓa cewa komai ba. Kaka ce abin yake ci wa rai, ita ce ta ƙirƙiro masa abin sha na madara da ƙwan zabi, don kada ranar Sallah ta wuce shi da ciki wayam. A gidanmu kunun tsoho muke ce masa, duk da babu ko ƙwayar gari a ciki.

Tun kafin maza su dawo daga idi take farawa. Za ta zuba ƙwan a ƙwaryar ruwa, wanda ya taso sama ta jefar, wanda ya kwanta a ƙasa ta ɗauka. Ɓawon ƙwan zabi tauri gare shi, a gefen dutsen niƙa take fasawa. Ta ware gwaiduwa a wata ƙwarya, ta zuba zuma, ta kama maburgi. Aikina shi ne in zauna a ƙasa in riƙe ƙwaryar da gwiwoyina kada ta juya. A gefe madara tana kan garwashi cikin 'yar tukunyar ƙasa, da citta da kanumfari da masoro da kimba guda ɗaya tak. Ba ta barin ta tafasa. Da ta ga gefen ya fara ƙananan kumfa, sai Inna ta riƙa ɗebowa da ludayi tana tsiyayawa a kan gwaiduwar, siriri kamar zare, Kaka tana burgawa ba tsayawa. Sannan a mayar kan garwashi har ya riƙa kama bayan ludayi, a tace, a kafa kwanon a jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa ya huce.

Kaka ba ta ɗanɗanawa, don ba ta sa komai a baki ranar layya sai an yanka. Inna kuwa kusan kullum da goyo, ba ta iya wannan jira, don haka a tafin hannunta ake ɗigawa. Ta lasa ta ce zuma ta yi, ko ta ce a ƙara citta, Kaka ta bi abin da ta faɗa. A nan kaɗai na taɓa ganin Kaka tana bin maganar Inna.

Ni ce mai kai wa Baba Tsoho. Zan durƙusa in miƙa, ya ce, "Amaryata ta kawo girki," ya kafa kai. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, ƙamshin kanumfari yana dukan hancina, yawuna yana tsinkewa. Amma a gidanmu, kamar gidaje da yawa a lokacin, ba a ba yaro ƙwai. Cewa ake yi yaron da ya saba da ƙwai sata zai koya. Wata shekara tsohon ya ga yadda na ƙura wa kwanon ido, ya rage kaɗan ya miƙo min. Har na kai baki sai na ji an fizge. Kaka ce ta biyo ni da ruwan wanke hannu.

"Malam, so kake ta zama ɓarauniya?" in ji ta.

Na yi kuka ranar, kuka na gaske, har na ƙi cin nama. Da yamma ta jawo ni jikinta tana gyara min kitso, Inna tana gefe tana juya suya. Ta ce, "Ki yi haƙuri. Ranar da kika girma, da hannuna zan miƙa miki." Na riƙe maganar nan gam, na riƙa auna tsawona da bakin randa.

Abin da ban sani ba shi ne Sallah tafiya take yi. Kowace shekara takan matso gaba da 'yan kwanaki. Gero da yake kai gwiwa ya koma idon sawu, daga baya ya zama ko shuka ba a gama ba. Shekarar da na shiga goma sha biyu Sallah ta riga zabi. Kaka ta aika ƙauyuka uku ba a samu ƙwai ko ɗaya ba. Aka ce ta yi da na kaza, ta ce ƙarni gare shi, ba za ta ba mijinta ba. Baba Tsoho ya sha farau-farau ranar, ya ce ya ƙoshi. Kafin wata Sallar ya rasu. Kaka ta soke maburgin a jinkar ɗakinta, ta ce da Inna ina ji, "Sallah za ta sake komowa damina, amma ba za ta same ni ba." Haka kuwa aka yi. Na yi Sallah bakwai ina riƙe ƙwaryar nan, ban taɓa sanin ɗanɗanon abin da ke cikinta ba.

Sallar ta komo damina kamar yadda ta ce, sai dai ni ban lura ba. Ina nan Dubai ina aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti, a garin da babu damina balle a ce ta zo ko ta wuce. Ƙwai cike da firji rani da hunturu, 'ya'yana suna ci kullum da safe, kuma ban ga wanda ya saci ko allura ba. Ba zan ɓoye maka ba, shekara goma sha ɗaya a nan ban taɓa tunanin gwada kunun tsoho ba. Na ajiye shi cikin abubuwan da suka tafi tare da masu su.

Maganin da ake yi wa Inna ya ƙona mata maƙogwaro. Tuwo ya gagara, shinkafa ta gagara, har kunu sai ta yi kurɓa biyu ta ture. Abincin gwangwani na marasa lafiya da nake kawowa daga wurin aiki kuwa, warinsa kaɗai yana tayar mata da zuciya. Ta rame har zobenta yana zamewa. Kwana huɗu kafin Sallah likita ta ce idan ba ta fara samun abin kirki a cikinta ba, bayan hutu za a sa mata robar abinci ta hanci. Inna ta saurara na fassara mata, ta ce, "In dai sai da roba, ki mayar da ni gida." Na san ta. Idan ta koma gida, magani ya tsaya ke nan, kuma na san abin da tsayawarsa take nufi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

A mota muna komowa, tana kallon dogayen gine-gine, ta ce kamar mai magana da kanta, "Bana ce ta ƙarshe. Baɗi Sallah za ta sake riga zabi." Sai a lokacin na tuna da maburgin.

Akwai wani Alhaji ɗan Kano mai shagon aika kaya a kasuwar Sabkha, wanda duk abin da ya gagari Bahaushe a garin nan wurinsa ake zuwa. Na same shi tsakanin kwalaye ana ta ɗaurin kaya. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ƙwan zabi a Dubai? Kin kawo aiki. Amma akwai wani habibi nawa, aminina ɗan Sudan, da ke aiki a gona can bayan gari, suna kiwon su. Ba ni kwana biyu, inshallah." Ranar jajibere ya kira ni. "Kalas, magana ta ƙare, an samu goma sha biyu. Yalla, maza ki zo kafin hanya ta cushe. Ki ce wa Mama ta sa mu a addu'a."

A nan ana idi rana na fitowa, saboda zafi. Muna dawowa maigidana ya wuce mayanka, inda za a miƙo masa layyarmu a yanke cikin leda ba tare da mun taɓa ganin idon ragon ba. Ni kuma na shiga kicin. Na gwada ƙwan a ruwa, duk suka kwanta. Na fasa shida. Ƙwarya babu, sai kwanon tangaran. Garwashi babu, sai murhun lantarki. Na yi komai yadda idona ya riƙe, amma na juye madarar da yawa lokaci guda. Nan take ta tsinke, ƙwan ya dunƙule gudaji-gudaji yana yawo a sama. Na tsaya ina kallon tukunyar, hawaye suna zubo min. Saura shida.

Sai na ji muryar Inna daga ɗaki, a dishe. "Kina sauri."

Ba ta ga komai ba, ƙarar maburgin kawai take ji. Na je na taso ta a hankali, na zaunar da ita a kujera a bakin kicin. Na fasa sauran shidan. Ta ce in zauna a ƙasa in riƙe kwanon da gwiwa. Ta karɓi ludayi tana tsiyayawa siriri, ni ina burgawa. Da ya kama bayan ludayi na bar shi ya ƙara jimawa kaɗan a wuta, don na san jikinta ba zai ɗauki ɗanyen ƙwai ba. Na tace, na sa kofin cikin ruwan sanyi ya huce, sannan na ɗiga mata a tafin hannu.

Ta lasa, ta rufe ido ta daɗe. Ni ba ni da abin da zan auna da shi. A duk duniya ita kaɗai ta rage da ta san yadda ya kamata ya kasance.

"Zumar nan ba ta kai tamu ba," in ji ta. "Amma shi ne."

Ta karɓi kofin. Kurɓa ɗaya, ta yamutsa fuska don zafin haɗiya, ta huta. Ta sake. Ina ƙirgawa a zuciyata har ta kai rabi. Sai ta tsaya, ta riƙe kofin da hannu biyu ta miƙo min. Na ce, "Inna, daure ki shanye." Ta girgiza kai.

"Zan sha wani gobe. Tsohuwa ta yi miki alkawari, ina wurin. Da za ta rasu ta ba ni maburgin nan ta ce in cika mata. Karɓi, kin girma."

Ina da shekara arba'in da biyar, durƙushe a kan tayil, na sha kunun tsoho karo na farko. Yana da kauri da ɗumi, citta tana biyo baya a hankali. Ba wani abin mamaki ba ne a baki, madara ce da ƙwai da zuma. Amma na kasa haɗiye kurɓa ta biyu don kuka.

Washegari ta sha kofi guda, wanda na haɗa da ƙwan kaza ma, ba ta ce uffan kan ƙarni ba. Likita ta ɗaga maganar roba zuwa mako mai zuwa, daga nan ba ta sake tayar da ita ba. Inna ta ƙarasa maganinta ta koma gida. Sauƙi yana zuwa yana komawa, kullum muna roƙon Allah. Maburgin ta bar min, yana rataye kusa da na'urar markaɗen da na yi mata gori da ita.

Wani lokaci nakan zauna in yi lissafin da Kaka ta yi. Kafin Sallah ta sake komowa damina zan kai shekarun Inna na yau, idan da rabon ganinta. Ban san a wace ƙasa za ta same ni ba, ban kuma san ko za ta same ni ɗin ba. Shi ya sa ranar nan da 'yata mai shekara tara ta riƙe min kwano da gwiwoyinta, na ga ta ƙura wa kofin ido, ban ce ta jira ta girma ba. Na miƙa mata da hannuna.