Kaset na biyu na Baba Sidi

Da safen nan, ina shirin fita aiki, ƙanwata ta kira ni daga garinmu Filinge. Baba Sidi mai gyaran rediyo ya rasu.



Duk wanda ya tashi a unguwar kasuwa ya san shagonsa. Tsofaffin finafinan waƙa da rawa yake tarawa, irin waɗanda ko a ƙasarsu an manta da su. A cikin randuna uku yake ajiye kaset ɗin bidiyon saboda zafi, duk bazara kuma sai ya juya kowanne a inji don kada zaren ya manne.

Ko yare ɗaya daga ciki ba ya ji, amma shi ke fassara mana. In ka yi gardama ya ce, "Kai ka je garinsu?"

Ranar da na faɗi jarrabawa wurinsa na gudu. Ya zuba mini shayi, ya kunna fim, bai tambaye ni komai ba.

Akwai fim ɗin da ya fi so, labarin wani mai kai wasiƙa da ba ya magana sai da waƙa. Kaset biyu ne, na farko kawai ya samu. Yana ƙarewa ne daidai inda mutumin ya tsaya a ƙofar wata tsohuwa da takarda a hannu. Shekara da shekaru yana cigiyar na biyun, har direbobin garin Abala sun gaji da shi.

Da Layya muka yi ganin ƙarshe. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kai da ke Yamai, biɗo min na biyun. So nike in san abin da ke cikin takardag ga kahin in tahi." Na yi dariya.

Mako biyu da suka wuce na samu kaset ɗin wurin wani mai sayar da tarkace. Ban buga wa Baba Sidi waya ba, wai ina so in ga fuskarsa. Na ce Lahadi zan je, Lahadin ta zo na ɗaga zuwa ta gaba.

Ga kaset ɗin nan a kan tebur. Kira ɗaya ya isa ya san an samu, ban yi ba, kuma abin yana cin raina.

Allah Ya gafarta wa Baba Sidi, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ni ma ku roƙa mini sanyin zuciya.